Takun Gidan Wilfrido

"Tsaya!"

Doña Nubia ta buga sandarta a kan katakon daɓe, ta danna waya, lasifika ta yi tsit. 'Yan rawa suka ƙame a inda suke, kowa na haki, gumi na ɗiga. Asabar ce da yamma, saman benen ya ɗau zafi, iskar nan da ke sauko wa birnin Cali na ƙasar Kolombiya daga duwatsu ba ta fara kaɗawa ba.

"Maryuri. Fito gaba."

Maryuri ta fito. A ƙasa, a kicin, ita ce 'yar lelen uwarta Doña Nubia, 'ya ɗaya tilo. A nan sama kuwa, a makarantar rawar salsa da Doña Nubia ta kafa a kan gidanta, ɗaliba ce kamar kowa, "Profe", wato malama, take kiran uwar, har ma ta fi kowa shan sanda a ƙauri.

"Sake min juyin nan na ƙarshe. Ke kaɗai."

Ta sake, a hankali, a kan yatsun ƙafa, tsaf yadda aka koya mata tun tana ƙarama.

"Ba haka kika yi ba ɗazu." Doña Nubia ta yi nuni da sanda. "Ferney, riƙe ta. Da kiɗa. Da sauri."

Ferney ya taho yana shafa gashi. Shi ne abokin rawar Maryuri tun suna yara, ɗan aminiyar uwarta. An daɗe ana yi musu wasan miji da mata, har shi ya ɗauki wasan da gaske. Kyakkyawa ne, kuma ya sani. Ko yana juya mace, rabin idonsa na kan kansa a madubi.

Kiɗa ya tashi, irin mai gudun nan da ba ya barin mutum ya yi tunani. Maryuri ta bi, ƙafafunta na fizga, tana roƙon Allah a zuci. Ferney ya ɗaga hannunta zai juya ta.

Ƙas-ƙas.

Dunduniyar takalminta ta hagu ta bugi katako sau biyu kafin ta juya. Ba ita ta sa ta ba. Jin ƙarar ta yi kamar yadda kowa ya ji.

Wannan karon Doña Nubia ba ta ma buga sanda ba. Kashe kiɗan kawai ta yi.

Duk wanda ya tashi a unguwarmu ya san abin da aka ji. A gidan Doña Nubia dunduniyar mace ba ta taɓa ƙasa kafin juyi, da haka ake gane 'yan gidan ko a tsakiyar taro. Bugun dunduniya biyu kuwa makaranta ɗaya ce ke yin sa a garin nan, ta Wilfrido, can bayan gidan burodi. 'Yan Doña Nubia "kofaton doki" suke ce masa, suna kwaikwayonsa don dariya in ba ta kusa. Sunan Wilfrido kuwa ba a ambatarsa a benen nan ko da wasa.

"Wa ya koya miki?"

"Ba kowa, Profe. A waya na gani, sai na..."

"Ni za ki yi wa ƙarya a kan ƙafa?" Muryarta ƙasa-ƙasa, abin da ya fi tsawarta ban tsoro. "Abin da aka gani a waya kai ne ke ɗauka. Wannan ƙafarki ce ta ɗauka, ke ba ki ma sani ba. Sai an riƙe mace an juya ta, an sake juya ta, wata da watanni, kafin dunduniyarta ta yi haka da kanta. Wa yake riƙe ki?"

Maryuri ta sunkuyar da kai. Ji take kamar katakon ya tsage ta shige.

Ferney ya yi gyaran murya. "Profe, ni dai da ban so in faɗa ba..."

"To ka rufe bakinka mana!" in ji Maryuri.

"Kowace Lahadi bayan coci," ya ci gaba, bai ko kalle ta ba, "a dandalin bakin kogi, bayan mai sayar da ƙanƙara. Da idona na gan su. Ita da Duván, ɗan Wilfrido. Kuma ba rawa kaɗai suke yi ba."

Wata yarinya a baya ta ce "Kai!" ta toshe baki.

Doña Nubia ta bi ɗalibanta da kallo ɗaya bayan ɗaya har kowa ya sami abin dubawa a ƙasa.

"Ku sha ruwa. Kada wanda ya sauka daga benen nan. Ke, biyo ni."

* * *

Saukar bene aiki ne ga Doña Nubia. Sanda, ƙafar dama, sannan ta jawo ta hagu. Kullum Maryuri ce ke ba ta kafaɗa. Yau da ta miƙa hannu, uwar ta ture shi.

A kicin tukunyar romon kaza da ayaba na tafasa, abincin 'yan makaranta na ran Asabar. Doña Nubia ta rufe ƙofa, ta zauna, ta ɗora hannu biyu a kan sanda.

"Tun yaushe?"

"Tun bikin gari na Disamba, Mama."

"Tun Disamba. Kina cin abincina, kina kwana a gidana, kina kwasar ƙafafun da na gyara da hannuna kina kai wa maƙiyina."

"Ban taɓa taka gidansu ba, Mama, na rantse da Allah."

"Gidansu ne ya taka nawa. Yau na ji shi a kan katakona, a gaban yara."

Hawayen da Maryuri ke riƙewa suka ɓalle.

"Mama, ina son sa."

"Kada ki sake faɗin wannan a kicin ɗina."

"Ko ban faɗa ba yana nan. Na yi ƙoƙari, Mama, wallahi na yi. Na goge lambarsa, na daina bin layin da zan gan shi, na kwana ina kuka ke kina ɗaki ba ki sani ba. Ya ƙi fita. Me ya yi miki? Ba a ma haife shi ba lokacin."

"Au, kin san lokacin ashe. Me kika sani a kan lokacin?"

"Abin da kowa ya sani. Ke da babansa kuke rawa tare. A gasa ya cilla ki sama, kika faɗo. Tsautsayi ne."

"Tsautsayi." Doña Nubia ta yi wata dariya marar daɗi. Ta kama siket ɗinta ta ja gefe, tabon nan ya bayyana, dogo, daga ƙugu har tsakiyar cinya. "Dube shi da kyau, tunda kin girma har kin iya so. Shekara da shekaru Wilfrido na cilla ni yana cafewa. Da zazzaɓi ya cafe ni, a buge ya cafe ni, ko sau ɗaya bai taɓa kuskure ba. Ran nan ina sama, na juyo kai ƙasa, na nemi idonsa yadda nake koya muku, mace ta nemi idon mai cafe ta. Idonsa ba ya kaina, Maryuri. Yana can layin gaba, a kan wata mai jar riga. Ƙiftawa ɗaya ce. Na ji ƙarar ƙashina kafin in ji zafinsa."

"Mama..."

"Ban gama ba. Ina kwance a asibiti da ƙarfe a ƙugu ya auri mai jar rigar. Ita ta haifi wannan da kika tsaya min a kicin kina cewa kina so."

Wannan Maryuri ba ta taɓa ji ba. Ta zube a ƙasa, ta rungume gwiwoyin uwarta, tana kuka har numfashinta na sarƙewa. Tausayin uwar ya kama ta da gaske, amma son Duván bai matsa ko taku ɗaya ba, kuma wannan ne ya fi ba ta tsoro.

"Ki yafe min, Mama. Ban sani ba. Amma Duván ba babansa ba ne. Da kin gan shi... da ya cilla ni idonsa bai bar kaina ba ko..."

"Ya me?"

Maryuri ta kai hannu baki. Ta san ta kwafsa.

"Ya cilla ki? A dandali? A kan siminti?"

"A kan ciyawa, Mama."

Doña Nubia ta kai hannu ƙirji. Fuskarta ta yi fari. "Budurwa Maryamu, ki ji min yarinyar nan. Na hana kaina barci na rene ki, ni kaɗai, da ƙafa ɗaya, don ɗan Wilfrido ya jefa ki sama a kan ciyawa."

"Ya cafe ni, Mama."

"Duk suna cafewa, 'yata. Har ranar."

Tukunya ta fara zuba a kan wuta. Ba wadda ta tashi.

"Ga Ferney," in ji uwar. "Yaron kirki, ɗan gida, na san uwarsa tun muna 'yan mata. Me ya rasa?"

"Ferney ba ni yake so ba. Kofin gasa yake so, da hotonsa yana riƙe da kofin."

"Ko madubi yake so, bai taɓa yar da ke ba."

"Ba na son sa, Mama. In ya riƙe ni, aiki nake yi. In Duván ya riƙe ni..."

"Ya isa!" Ta buga sanda. "Gasa ta matso. Za ki hau sama ki wanke min dunduniyar nan ko da za ki zubar da jini. Yau kafin ki ci abinci za ki kira shi a gabana ki ce masa an gama. In kuwa ba za ki iya ba, kin san inda akwatinki yake."

"Korata za ki yi?"

"Wanke fuskarki ki hau. Ina zuwa."

* * *

A tsakiyar matakala ta tarar da Ferney zaune, ya miƙe ƙafa ya tare hanya. Ko ba a faɗa ba, laɓe yake yi.

"An gama kukan?"

"Matsa, munafuki."

"Ni ne munafukin?" Ya miƙe tsaye, ya janye wuyan rigarsa. "Dubi kafaɗata, duk tabon takalminki ne. Na bar ƙwallo saboda ke. Uwarki ta zage ni, ta doke ni, na shanye, saboda ke. Sai wani ɗan kofaton doki ya zo da babur ya ɗauke?"

"Ni ba jaka ba ce da za a ɗauke."

"Kin san tun yaushe na gane? Tun bikin Ista. Hannunki ne ya canja, kina jiran a ja ki yadda ba ni nake ja ba. Na yi shiru, na ce ƙila ki dawo hayyacinki. Da na ga ba ki da niyya, sai na bi ku."

Maryuri ta tsaya tana kallonsa. Wani abu ya faɗo mata a rai.

"Ɗazu... ba haka kake ɗaga min hannu ba. Ka ɗan ja ni baya kafin ka ɗaga. Yadda shi yake yi."

Ferney ya yi murmushi.

"Lahadi uku na ɓata ina koyo a bayan mai ƙanƙara. Kin ga ai na iya."

"Allah ya isa, Ferney."

"Ki yi ta yi. Ni dai gobe ma ni zan riƙe ki."

Ta ɗaga hannu za ta kwaɗa masa mari, sai ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida. Ta san ƙarar nan.

* * *

Duván ya hawo benen da hular kwano a hannu. Siriri ne, baƙi, ba ruwansa da madubi. A jikinsa akwai shuɗiyar rigar sama ta makarantar ubansa, da sunan Wilfrido ɓaro-ɓaro a baya. Da ya kai bakin katako sai ya tsaya, ya cire takalman titi, ya ajiye su gefe, ya tsaya da safa. Babban yatsansa na leƙe ta wata huda.

Ɗakin ya yi shiru, sai bugun sandar Doña Nubia da ke hawowa a bayansa. Ya matsa ya ba ta hanya. Ta wuce shi kamar ba ta ga mutum ba, ta je kujerarta, ta zauna, sannan ta ɗago.

"Wa ya kira ka?"

Yurani, ƙawar Maryuri ta ƙut da ƙut, ta yi sauri ta tura wayarta ƙarƙashin tawul.

"Barka da yamma, Doña Nubia. An ce min Maryuri na cikin matsala saboda ni. Idan akwai zagi ko duka, ni ya kamata a yi wa."

"Bakin ubanka ne da kai, zaƙi zalla."

"Na zo neman izininki ne, Doña. Ina son 'yarki. So na aure, ba na dandali ba. Na gaji da ɓuya a bayan mai ƙanƙara."

Ferney ya yi kansa. "Kai, a gidan wa kake..."

Sanda ta tare shi a ƙirji. Doña Nubia ba ta ko dube shi ba. Duván take kallo, daga kafaɗa zuwa hannu, daga hannu zuwa yatsan da ke leƙe, ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙe.

"Maryuri, riƙe min."

Ta miƙa mata sandar. Maryuri ta karɓa, baki buɗe. Ba ta taɓa ganin uwarta tsaye ba sanda ba.

Doña Nubia ta danna waya, wani tsohon kiɗa mai sanyi ya fito, irin na iyayenmu. Ta miƙa wa Duván hannu.

"Zo."

Duk ɗaliban nan ba wanda ya taɓa ganin ta taka rawa. Da baki da sanda ta koya musu komai. Duván ya goge tafinsa a wando, ya kama ta.

Taku biyu na farko ya gane inda ciwon yake. Ya rage faɗin takunsa, ya sa hannunsa a bayanta yadda nauyinta ba zai sauka a hagu ba. Ya ja ta a hankali, ta bi. Kafaɗunta suka saki. Na ɗan lokaci Maryuri ta ga wata mace da ba ta sani ba, mai ɗaga haɓa, mai wasa da wuya, wadda gari guda ya taɓa tashi tsaye dominta. Sabbin hawaye suka cika mata ido.

Kwatsam Doña Nubia ta saki jiki baya, da gangan, duka nauyinta. 'Yan mata suka yi ƙara. Kafin ƙarar ta fita Duván ya tallafe ta, idonsa cikin nata, ya tsayar da ita daram.

Ta zare jikinta. Tana haki, gumi a goshi. Ta miƙa hannu, Maryuri ta sa mata sanda.

"Ka fi ubanka."

Zuciyar Maryuri ta yi tsalle. Ta kalli Duván, ya kalle ta, har ya fara murmushi.

"Kai ke riƙe masa da makaranta, ko? Kai za ka ja masa gaba a gasa?"

"Ni ne, Doña."

"To ji. Kana son ka riƙa ganin 'yata? Ba a dandali ba. A nan, a gabana, kullum. Ka shigo makarantata. Ran gasa ka hau da sunana a bayanka."

Murmushin ya ɓace.

"Doña... tun bara babana ke gina rawar nan a kaina. In na fita yanzu ba shi da wanda zai maye gurbina. Makarantar za ta zube."

"Na sani."

"Ki ba ni zuwa bayan gasa. Ran da aka gama, na rantse..."

"Yau. Ko kuma ka sa takalmanka, kuma ka gama ganinta."

"Bar shi, Profe," in ji Ferney daga gefe, yana duba farcensa. "Ɗan baba ne. Dama 'yan gidansu ba su iya riƙe mace har ƙarshe ba."

Jijiyar wuyan Duván ta tashi. Ya juya ya kalli Maryuri, idanunta a kumbure, hancinta ja. Tambayarta yake yi da ido.

Ta san abin da ake nema daga gare shi. Ta san Wilfrido ba shi da wani ɗa. Ta san ba daidai ba ne. Amma ta tuna akwati, ta tuna kiran da za ta yi kafin ta ci abinci, ta hango shi a benen nan kullum, hannunsa a bayanta, uwarta na kallo ba ta hana ba. Allah ya yafe mata, ta gyaɗa masa kai.

Duván ya zuge zif. Ya cire rigar, ya ninke ta da kyau, sunan a ciki, ya waiga yana neman inda zai ajiye.

"Ba a ajiye wannan a gidana," in ji Doña Nubia. "Ga taga."

"Doña, ki bari in mayar masa da hannuna."

"Ga taga, na ce."

Ya tsaya a bakin tagar. Iskar yamma ta fara kaɗawa, lokacin da duk unguwa ke fito da kujerun roba ƙofar gida. Ya rufe ido ya saki. Rigar ta warware a iska, ta sauka a shimfiɗe a tsakiyar titi, sunan Wilfrido na kallon sama, daidai gaban mai gasa waina, matar da ba a taɓa jin magana ta kwana a bakinta ba.

Daga ƙasa aka ji salati da shewa. Wani ya kira sunan wani. Wani ya tashi babur da gudu ya nufi wajen gidan burodi, hanyar makarantar Wilfrido.

Ba a daɗe ba waya ta fara ruri a aljihun Duván. Ya ciro, ya ga babansa ne, fuskarsa ta yamutse. Ya kai ta ya kifa a kan takalmansa, bai ɗaga ba.

Maryuri ta taho gare shi, hannu a miƙe, tana kuka tana dariya.

"Madalla," in ji Doña Nubia. "Yurani, fito."

Yurani ta fito a tsorace.

"Tun da abokin rawarki ya tafi ci-rani kike rawa da iska a baya. Ga sabo. Tsayinku ɗaya, za ku dace. Tunda ke kika kira shi, sai ki koya masa takun gidan nan."

Maryuri ta tsaya cak.

"Mama!"

"Profe," Doña Nubia ta gyara mata.

"Profe, kin ce... kin ce..."

"Me na ce? Na ce zai riƙa ganinki kullum. Ga madubi nan bango guda, ya kalla har ya ƙoshi. Ke abokin rawarki Ferney ne. Hannun da na haɗa ba na raba shi." Ta juya ga Duván. "Kai kuma sabo ne, bari ka ji dokar gida, ka tambayi kowa a nan. Namiji ba ya taɓa abokiyar rawar wani, ko a sama ko a titi. Wanda ya taɓa, ya sauka, ba dawowa."

"Ba haka muka yi ba, Doña," in ji Duván.

"Ƙofa a buɗe take, ɗana. Je ka. Ƙila ka tarar da rigarka, in ba a riga an kai wa ubanka ba."

Wayar ta sake ruri a kan takalman. Duván ya kalle ta, ya kalli matakala, ya kalli Maryuri. Bai motsa ba. Ina za shi?

Sai a lokacin Maryuri ta fahimci abin da ya faru a gabanta. Uwarta ba ta sauko ba, ba ta kuma yafe ba. Ɗan Wilfrido ta ƙwace, ido na ganin ido, kuma da 'yarta ta yi tarkon. Ita kuwa da kanta ta gyaɗa kai. Ta kalli matar da ta haife ta, karo na farko a rayuwarta ta ji tana tsoron ta har cikin ƙashi.

"Mama, me na yi miki?" ta ce. "Ni fa 'yarki ce."

"Shi ya sa kike da ƙafa biyu har yanzu. Kowa ya koma wurinsa. Daga farko."

Yurani ta matsa kusa da Duván tana hawaye, ta kasa haɗa ido da ƙawarta. Hannun Ferney ya sauka a ƙugun Maryuri, ya matse fiye da yadda rawa ke buƙata.

"A kan yatsu, ƙaunata," ya raɗa mata. "Kada in ji ƙas."

Sanda ta bugi katako, kiɗa ya tashi. Ƙafafun Maryuri suka bi da kansu, ita ba ta ma san suna yi ba. Ta ɗaga kai, ta tsallake fuskar Ferney, ta nemi Duván a madubi. Ido ɗaya take so, ya nuna mata ba a gama ba.

Ta same shi can layin baya, da safa, hannunsa a bayan Yurani. Kansa na ƙasa. Ƙafafun Yurani yake kallo, leɓensa na motsi, yana ƙirga taku.